Foshiya da Manemanta: Ƙin Aure Ne ko Jan Aji?

Tambaya daga wata ɗaliba a Samaru:

"Assalamu alaikum Malam. Ƙungiyarmu ta wasan kwaikwayo za ta nuna wasan Shekisfiya, marubucin nan na Ingila, na attajirin birnin Banis da Hausa a ƙarshen zangon nan, ni kuma aka ba Foshiya, magajiyar nan da maza ke tururuwar nema. Fitowarta ta farko ce ta gagare ni, inda take zaune da hadimarta Narisa tana kushe manemanta ɗaya bayan ɗaya. In na yi da zafi a ce na zama fitsararriya, in na sassauta a ce jan aji nake yi. Daraktanmu ya ce ita dai ba ta son aure ne kawai. Ni kuwa hankalina bai kwanta ba, tunda daga baya ta yi auren har da murnarta. Don Allah mene ne ainihin halinta, kuma yaya zan fito da shi?"

Wa alaikumus salam, 'yata, Allah ya ba ku sa'a. Tambayarki biyu ce a ƙunshi ɗaya. Ta farko, me marubucin ya dasa a zuciyar matar nan: auren ne ba ta so, mazan ne ba su yi mata ba, ko kuwa hanyar da aka ce a bi? Ta biyun ita ce mai wuya: in kika tsaya gaban mutanen Zariya kika ce ba kya son namiji, me kunnensu zai ji? Na daɗe ina koyar da wasan kwaikwayo a makarantun garin nan, wannan wasan kuwa sau uku na ɗora shi a dandamali. Na farkon ya ba ni kunya, zan kuma gaya miki yadda aka yi. Amma tun kafin mu yi nisa, zuciyarki ta fi daraktanki kusa da gaskiya. Kada dai ki je ki ce masa ni na faɗa.

Abin da ke cikin takarda

Shekisfiya ya rubuta wasan wajen 1596 zuwa 1597, aka buga shi a 1600, mu kuma muna da shi da Hausa da sunan Matsolon Attajiri. Mahaifin Foshiya ya rasu ya bar mata gida da barori da dukiya mai tarin yawa a garinsu Belmon, ya kuma bar wasiyya. Akwati uku ne, na zinariya da na azurfa da na darma, hotonta na cikin ɗaya. Duk namijin da ya buɗe mai hoton, ita da dukiyar sun zama nasa. Wanda ya kuskure kuwa ya riga ya rantse zai kama hanya nan take, ba zai faɗa wa kowa akwatin da ya taɓa ba, kuma har ya koma ga Mahaliccinsa ba zai ƙara neman auren wata mace ba. Ke nan ko ɗan abin da ake bar wa kowace budurwa a nan, a tambaye ta ko da shiru za ta yi, ita ba a bar mata ba.

Ki koma farkon fitowar ki bi ta a hankali. Kafin ta ambaci namiji ko ɗaya, cewa ta yi ta gaji da duniya. Narisa ta tsokane ta, wai da wanda ya ci har ya ƙware da wanda yunwa ke ci duk marasa lafiya ne. Sannan ta fito da abin da ke cin ta a rai: ba ta da ikon zaɓar wanda take so, ba ta da ikon ƙin wanda ba ta so, tana raye amma nufin mamaci ya ɗaure nata. Wannan ita ce jijiyar fitowar. Mace mai ƙin aure "a'a" ce makaminta. Ita kuwa an karɓe "i", an haɗa da "a'a", an kulle su a akwati. Harshenta kaɗai ya rage mata, shi ma sai a ɗaka, gaban Narisa.

Ita ce ma ta ce a jero mata su tana ba kowa rabonsa. Yariman Napoli ba shi da zance sai na dokinsa, har yana alfaharin da hannunsa yake buga masa takalmin ƙarfe. Na biyun fuska kullum a murtuke, ko labarin ban dariya aka bayar haƙorinsa ba ya fitowa. Bafaranshen ba shi da tsayayyen hali, tsuntsu ya yi kuka ya hau rawa, in ya rasa abokin faɗa ya zare wa inuwarsa takobi. Baturen Ingila kyakkyawa ne, sai dai ba ya jin harshenta, ita ma nasa tsinta-tsinta take yi, ga shiga kamar an yi masa karo-karo: riga daga Italiya, wando daga Faransa, hula daga Jamus. Na Sikotilan ya ci bashin mari a hannun na Ingila, ya ce zai biya in ya sami hali. Bajamushen kuwa da safe ma ba ya ganuwa, balle da yamma in ya yi tatul. Su shida, ba ko ɗaya da ke fitowa dandamali. A bakinta kaɗai muka san su.

A kan Bajamushen nan ne wasa ya koma gaske. Narisa ta ce, to in fa ya zo ya dace da akwatin? Ƙin sa saɓa wa mahaifinki ne. Foshiya ta ce a ɗora kofin giya kan akwatin da ba shi ba, ta san can zai nufa. Raha ce, amma ta wadda ta hango kanta a ɗakin mashayi har tsufa. Narisa da kanta ta kira abin da sunansa, ta ce mata ta daina jin tsoro, dukansu sun ce gida za su koma, ba za su iya sharaɗin ba. Kin ga Narisa ta san labarin tun farko ta riƙe a ciki. Duk ba'ar nan Foshiya ta yi ta ne tana ganin gobe ɗayansu zai iya zama mijinta. Da aka ba ta albishir ɗin kuma, ba ta ce ta huta da aure ba. Cewa ta yi ko za ta tsufa tukuf ta mutu ba miji, ba za ta auru ta wata hanya ba sai wadda mahaifinta ya shata.

Sai ɗan wurin da masu karatu da yawa ke tsallakewa. Narisa ta tuno mata wani mutumin Banis, mai ilimi kuma soja, da ya taɓa zuwa gidan tun mahaifinta na da rai. Kafin ta rufe baki Foshiya ta cafe da sunansa, Basaniyo, sannan ta farga ta ja da baya, wai tana jin dai haka ake kiransa. Maza shida ta feɗe su daga kai har wutsiya, na bakwai ta kasa haɗa masa magana biyu. Ki nuna wa daraktanki wannan layin, ki yi shiru.

Abin da auren zai ci mata

Amma kada mu zalunci daraktan, akwai abin da ya hango. Ai muna da tamu wadda labarin baka ya ce ta ƙi auren ƙememe, Amina 'yar Bakwa. Tarihin Kano ya ce ta shekara 34 tana cin garuruwa har Kwararrafa da Nupe, Sarkin Nupe ya aiko mata da babanni 40 da goro 10,000. Duk yaron da ya tashi yana ganin ganuwar garin nan ya san dalilin da masu labari ke bayarwa ba sai an faɗa ba: mai wannan iko in ta shiga ɗakin miji, wa zai riƙe linzami? Foshiya na da ɗan yankin wannan. Wasan a Italiya aka kafa shi, amma mutanen Landan aka rubuta wa, a dokar Ingila ta wancan zamani kuwa mace na yin aure dukiyarta ta koma hannun miji. Ita da bakinta ta faɗa ranar da Basaniyo ya dace da akwatin darma: ɗazu ita ce mai gidan nan, uwar gijiyar barorin nan, sarauniyar kanta, yanzu gida da barori da ita kanta duk nasa ne.

'Yan kallonki ba za su kawo wannan a ransu ba. A shari'armu dukiyar mace tata ce, gadonta nata ne, sadakinta nata ne, aure ba ya mayar da su na miji. Bazazzagi zai zauna yana ganin yarinya mai kuɗi za ta ƙara da miji, to kukan me take yi? In ba ku nuna masa asarar da ido ba, ba zai gan ta ba. Ni makullai na ba ta, tari guda a zare ɗaya, irin na uwargidan da sito da rumbu ke hannunta. Tun fitowar farko suna jikinta, bara ya zo ya durƙusa ta cire ɗaya ta miƙa masa. Ranar akwatin darma ta haɗa su da zoben alkawari ta danƙa wa Basaniyo. Ba a ƙara kalma ko ɗaya ba, amma kowa ya gane.

Kunnen Bahaushe da "a'ar" budurwa

Yanzu ga inda kike tuntuɓe, kuma ba laifinki ba ne. Mu nan tun daga zance aka koya wa yarinya ta ƙi abin da take so. Saurayi ya aika yaro a ce ana sallama da wance, ta shanya shi a ƙofar gida har sauro ya gama da ƙafarsa. In ta fito kai a sunkuye, tana wasa da gefen mayafi, tana tona ƙasa da babban yatsa. Ranar kamu ta ɓuya, ranar kai ta tana kuka kamar ranta zai fita, a ɗakin ango ma ba ta magana sai an sayi baki. Ga hadisi ya ce a nemi iznin budurwa, izninta kuwa shirunta ne. Saboda haka duk sanda kika sassauta murya kika sunkuyar da kai, zauren nan gaba ɗaya "i" ya ji. Abokan wasanki da suka ce jan aji ne ba su yi ƙarya ba, da harshen jikin da suka tashi da shi suka karanta ki.

In kuma kika yi zafi, wata tatsuniyar ce ke jiran ki. Kakata ta sha ba mu ita a tsakar gida: budurwar da ta ce ba ta auren mai tabo, duk wanda ya zo ta sa a duba jikinsa ta kore shi, har maciji ya rikiɗe ya zo da jiki sumul da kayan aro, ta bi shi daji. Wannan tatsuniya tana cikin jinin 'yan kallonki. Da sun ji yarinya na ƙirga aibun maza sun yanke hukunci, ruwan ido ne, ƙarshenta zaɓen tumun dare ko kwantai. Za su yi dariya, amma macijin suke jira. In Basaniyo ya zo ya dace, sai su ji kamar an cuce su, marar kunya ta tsira ba horo.

Akwai hanya ta uku da wasu ke bi, ta Samodara, tashen nan da 'yan mata ke yi in azumi ya kai goma, yarinya na kukan mijin da aka liƙa mata. Tana jawo tausayi, sai dai ba ta Foshiya ba ce. Matar da nan gaba za ta sa rigar lauya ta tsaya gaban kotun Banis ta juya shari'a ba za ta fara wasa da majina a hanci ba.

Abin da zai taimake ki shi ne wasiyyar. A Landan ta yau abin almara ce, a Zariya kuwa ba baƙuwa ba ce. Littattafan fiƙihun Malikiyya da ake karantawa a zaurukan birni sun ba uba ikon aurar da 'yarsa budurwa, sun kuma ce wasiyyinsa na iya samun wannan iko in uban ya umarce shi ko ya ayyana mijin. Waɗannan malaman dai su ne ke karantar da hadisin Khansa'u bint Khidam, bazawarar da mahaifinta ya aurar ba da sonta ba, Annabi (SAW) ya warware auren. Ban ce cacar akwati ta halatta ba, hukunci na malamai ne, ni ɗan dandamali ne. Abin da nake nufi, mutanenki sun san nauyin maganar uba da ya rasu, sun kuma san zafin a kai mace inda ba ta so. In suka ga yarinya ɗauke da biyun nan a lokaci ɗaya, ba ta jefar da ko ɗaya ba, sun zama nata.

Yadda na fāɗi, da yadda na gyara

Karon farko a wata makarantar 'yan mata na yi shi, ranar ba da kyaututtuka. Na zaɓi yarinyar da bakinta ya fi reza, na sakar mata linzami. Ta yi tsaki, ta murguɗa baki, ta riƙe ƙugu, in ta gama da namiji ta tafa da Narisa. Ɗalibai suka yi ta ihu kamar rufin zai ɗage, ni kuma ina bayan labule ina jin kaina. Da aka tashi, wata dattijuwa da ta zo ganin jikarta ta tare ni a bakin ƙofa tana gyara lulluɓi. Ta ce, "Malam, wasa ya yi kyau. Amma 'yar nan ubanta ya san abin da ya haifa. Ba don akwatin nan ba, wa zai kwasa?" Tuwon daren nan bai shiga ba. Na shirya wasa don a ji zafin ɗaurin da aka yi wa yarinya, na ƙare da tara wa ɗaurin magoya baya.

Karo na biyu sai na zaunar da ita a tabarma ana yi mata ƙunshi. Ƙafa biyu naɗe da leda, hannun hagu ma a ƙunshe, na dama riƙe da makullai, Narisa na durƙushe da kwanon lalle. Da farko na so kitso ne, sai na tuna ba kowace uwa za ta yarda 'yarta ta buɗe kai gaban jama'a ba, ashe ma gara da aka yi haka. Mai ƙunshi ba ta tashi, ba ta tafawa, ba ta riƙe ƙugu. Duk kayan fitsarar sun zube ba tare da na hana ta komai ba, saura murya da ido. Lalle kuma kowa ya san ranar da yake tunawa mutum. Na ce mata ta yi magana kamar 'yar gidan sarauta, a hankali, ba ɗaga murya, domin mai barori ba ta saba ihu kafin a ji ta ba. Tsaki na soke shi gaba ɗaya. Habaici ya fi shi cizo, kuma ba ya zubar da mai yin sa.

Tana jero mazan tana kaɗa makullan kaɗan-kaɗan, kamar mai rage dare. Da Narisa ta yi tambayar Bajamushe, ƙarar ta tsaya cak. Na ce ta ja numfashi uku kafin ta amsa. A ranar wasan shirun ya yi tsawon da har aka ji jaririn wata a layin baya yana tsotso. Sannan maganar kofin giya ta fito a bushe, aka yi dariya, amma ba irin ta karon farko ba, wasu matan har da girgiza kai. Da aka zo sunan Basaniyo kuwa, ta faɗe shi da sauri, makullan suka suɓuce suka zube a tabarma. Wata daga baya ta ce da ƙarfi, "Ta faɗa!" Zaure ya ɗauka. A wurin matan da ba su taɓa kiran sunan mazajensu ba, sai "Malam" ko "maigida" ko "shi", budurwa ta saki sunan namiji haka ai ta gama tona kanta. Wannan kyauta ce al'adarmu ta ba fitowar, wadda ko 'yan kallon marubucin ba su samu kamar mu ba.

Sai dai kada ki ɗauka magani ne na kowace cuta. Karo na uku gaban ɗalibai zalla na yi, yaran da ke kiran samarinsu da suna a waya ba ko ɗar. Makullai suka faɗi, ba wanda ya motsa, wani ma ya ce, "Ɗauki makullinki!" Ku da za ku yi a Samaru, inda rabin zauren wataƙila ba Hausawa ba ne, sai kin ƙara wa wurin gishiri, ko Narisa ta tsayar da hannu ta ɗago ta dube ki. Zancen ƙabilun Turai ma ku rage shi. An rubuta shi ne don mutanen Landan su yi wa maƙwabtansu dariya, a zamanin da yara maza ke fitowa a matsayin mata. A nan na Sikotilan ba ya ba kowa dariya, ni cire shi nake yi. Mai doki kuwa ku ba shi fili, garin da ake hawan Salla ba wanda bai san mutumin da in ya fara zancen dokinsa sai an kira magariba ba.

Yariman Maroko

Akwai ƙashi a naman nan, gara ki san da shi tun yanzu. A ƙarshen fitowar aka ce Yariman Maroko na tafe, Foshiya ta yi magana marar daɗi kan launin fatarsa tun ba ta gan shi ba. Da ya zo ta karɓe shi da ladabi, ta ce matsayinsa a wurinta bai gaza na kowane manemi da ta gani ba. Ya zaɓi zinariya, ya tarar da ƙoƙon kan mamaci, ya fita da baƙin ciki. Yana juya baya ta yi fatan duk mai irin launinsa ya yi irin zaɓinsa. Wannan ba tsoro ba ne, ba kuma kunya ba, raini ne, kuma mu ake nufi.

A makarantar yara na yanke maganganun launin fatar duka biyun, ban kuma yi nadama ba. Gaban manya na bar na biyun. Dalilina, in aka wanke ta tas ta zama waliyyiya, wadda ba waliyyiya ba ce, yarinya ce mai wayo da aka tsare a gidan dukiya, da ƙyamar mutanenta a bakinta. Amma in za ku bar shi, kada ku mai da Yariman abin dariya. Ku naɗa masa rawani da alkyabba, ya shigo da algaita kamar ɗan sarki ranar hawa, ya yi magana da nutsuwa. Mutum ne da ya taso daga ƙasa mai nisa ya sa aurensa na har abada a caca saboda ita. In duk manema wawaye ne, ƙin su ba ya cin komai, jarumar ma ba ta da nauyi. Ki sani dai layin zai rage miki masoya, dole ki sake sayen zuciyarsu a kotu. Yanke wannan hukunci na daraktanku ne, ke dai ki tabbata ya yanke shi da sani.

Inda za ki kashe kunyar

Sunkuyar da kai da wasa da mayafi da na hana ki a farko, ki adana su sai Basaniyo ya tsaya gaban akwatunan. A nan ne take roƙonsa ya dakata kwana ɗaya ko biyu, har ta ce da zai zauna wata ɗaya ko biyu kafin ya zaɓa. Ta ce tana iya koya masa amsar, amma ta yi rantsuwa. Magana na kuɓuce mata tana kamowa. Wannan jinkirin kaɗai ne a duk wasan da yake nufin "i", kuma tunda ba ki ɓarnatar da kunyar a kan mutum shida ba, 'yan kallo za su gan ta sabuwa fil.

Amma kada taka-tsantsan ɗin ya mutu da ɗaurin aure. Basaniyo ba tsarkakakke ba ne. Ya cinye dukiyarsa, bashi ya yi masa katutu, da ya fara ba abokinsa Antoniyo labarinta ma gādonta ya fara ambata kafin kyanta. Kuɗin da ya yi shiga da su ya zo neman auren, dukat 3,000 a kuɗin Banis, rance ne daga hannun mai ba da bashi Shailok, da tsokar jikin abokin a matsayin jingina. Zanen aro ba ya rufe katara, kuma duk tsohuwar da ke zauren za ta tuna wane ne ya zo da kayan aro a tatsuniya. Shi ya sa nake ganin zoben ba wasan amarya ba ne. Ta ba shi da sharaɗin kada ya rabu da shi, ta zo a rigar lauya ta karɓe shi da dabara, sannan ta tsare shi da tambaya a gida. Mahaifinta ya gwada mata maza da akwati uku ba da shawararta ba, ita kuma ta yi nata gwajin da hannunta. A wasanmu na biyu, a fitowar ƙarshe, makullan sun koma ƙugunta. Ba mu yi bayani ba, ba kuma wanda ya tambaya.

Ranar gwajinku na gaba ki roƙi minti goma, ke da mai yin Narisa kaɗai. Ku zauna a ƙasa, a ɗaure miki ƙafa da ɗankwali, ku yi fitowar da raɗa kamar akwai baƙi a zaure da za su iya ji. Akwai su ɗin ma, ai manemanta ba su tafi ba tukuna, suna jira su yi sallama. In a dandamalin nan na ginin ƙasa za ku yi, inda 'yan kallo ke zaune dab da ku, raɗar ma za ta kai. In kun sa rana ki aiko mini, in gwiwar nan tawa ta bar ni zan zo, can baya zan zauna kusa da iyaye mata.